Ƙidayar Daminar da Ta Kashe Akawalin Siddiƙu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai Girma Alƙali Maigandi,
Mai shari'ar kasuwa da ma'auni,
Birnin Sakkwato.

Daga Hayatu ɗan Malam Jibrin,
Ɗalibi a zauren Malam Garba,
A madadin wansa, Siddiƙu mai kiwon dawaki.

Litinin, huɗu ga Rabi'ul Awwal, 1270 bayan Hijira.

Game da: Zaluncin Ƙasimu, sarkin zangon dawaki na hanyar Wamakko, ta hanyar ƙidayar shekarun dawaki da damina.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da mazaunin shari'a, ina gabatar da kukan wana Siddiƙu, wanda yake kwance da gocewar kafaɗa, ba ya iya zuwa da ƙafarsa.

1. A wannan zango ba a buɗe bakin doki don a san shekarunsa, damina ake ƙirgawa. Ranar da ruwan farko ya sauka, kowane duƙushi ya ƙara shekara, ko da jiya aka haife shi. Wanda kuwa aka haifa bayan ruwan da kwana ɗaya, sai ya ci kaka da rani yana girma ba a ƙirga masa komai ba. Dattawan zango sun ce haka suka tarar. Malam ya fi ni sanin irin jinin da aka zubar a ƙasar nan don a bar kafa hujja da wannan magana.

2. Ƙasimu ne kaɗai yake da ingarman barbara a zangon, kuma ya san goɗiya wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki take yi da ciki. Saboda haka yakan ba goɗiyoyin mutane ingarman da wuri, su haihu gab da ruwan farko, ya jinkirta nasa su haihu bayan ruwa ya sauka. A watan Sha'aban na 1267 ya aika wa Siddiƙu ya kawo tsohuwar goɗiyarsa. Siddiƙu ya kai ta yana murna, har ya bi shi da ƙwaryar fura da godiya. A cikin wannan watan ne goɗiyar Ƙasimu ta haifi wani farin duƙushi kili, bayan ruwa.

3. Goɗiyar Siddiƙu ta haihu a tsakiyar Rajab na 1268, baƙin duƙushi akawali, kuma shi ne na ƙarshe da ta haifa kafin ta mutu. Bai gama koyon gudu a bayan uwarsa ba ruwa ya sauka, aka ce ya shekara. Siddiƙu ya raine shi da madarar akuya da dusar gero, yana tashi ya duba turkensa kafin ya duba 'ya'yansa. Bana aka jera shi da kilin Ƙasimu a matsayin 'yan damina biyu, alhali kilin yana tsaye da ƙafafunsa tun ran da ingarman ya hau uwar akawalin.

4. Ranar Alhamis, sha biyar ga Safar na bana, aka yi tseren gwaji na kaka a fagen Wamakko, inda masu sayen dawakin yaƙi suke zuwa kallo. Dokar zango ita ce, duk mai ɗan damina biyu da ya ƙi shiga, a tumɓuke turkensa. Siddiƙu ya durƙusa gaban Ƙasimu ya roƙi a duba bakin dokin, a bar shi sai baɗi. Ƙasimu ya yi dariya, ya ce shi sarkin zango ne, ba wanzami ba da zai riƙa leƙen haƙora. Dattawa suna zaune a kan buzayensu suna cin goro.

5. Akawalin ya yi zuciya, ya ƙi yarda kilin ya bar shi, har ƙafarsa ta gaba ta karye a wajen juyawa. Ya faɗi da Siddiƙu. Da hannunsa ɗaya mai lafiya Siddiƙu ya riƙe kan dokin aka yanka shi don ya huta. Kafin la'asar Ƙasimu ya shelanta cewa rashin iya hawa ne, ya sa aka tumɓuke turken Siddiƙu. Yau ba mai kawo masa doki kiwo, yaran zango kuwa suna kiransa mai karya ƙafa.

6. Washegari na je fagen da wuƙa, na kori ungulaye, na cire muƙamuƙin akawalin. Yana ɗakina, na sa masa gishiri. Duk haƙoransa na nono ne, ko ɗaya bai girgiɗa ba. Kilin Ƙasimu kuwa ya riga ya fara zubar da na gaba.

Saboda haka nake roƙon Malam, cikin ladabi, ya hana ƙidayar damina a zangunan da suke ƙarƙashin shari'arsa, ya sa a riƙa jera dawaki bisa haƙori da watan haihuwa. Ko a zakkar raƙuma da shanu shari'a ba ta ɗora shekarun dabba a kan hadari ba. A mayar wa Siddiƙu turkensa, a tuɓe Ƙasimu daga sarautar zango, a raba shi da ikon ingarman.

Ina kuma roƙon kada a yi sulhu a zaure. An turo mana dattawa har gida a kan mu yi haƙuri, mun sallame su da girma. A fili aka ci mutuncin wana, a fili muke so a biya. Ranar kasuwa a tsai da Ƙasimu a tsakiyar zango, a buɗe bakin kilinsa, a ɗora masa muƙamuƙin a tafin hannu, ya ƙirga haƙoran da ƙarfi yadda na bayan taro zai ji. Siddiƙu ya ce ko a kan jaki ne za a kawo shi ya saurara.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da tsawon kwana, ya tsare shari'a a hannunsa. Wassalam.

Mai ƙanƙan da kai a gaban shari'a,
Hayatu ɗan Malam Jibrin.