Abincin da na kai ma Baba a Indiya

Daga admin: wani ɗan'uwa ne ya turo wannan, ya roƙi a sakaya sunansa.

Salamu alaikum jama'ar wanga gida. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai zage ni ya zaga, na riga shi zagin kaina.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a Filinge, amma asalinmu wajen Tabla ne, can mahaihina ya yi noman hatsinsa har ƙarhinsa ya ƙare. Ciwon zuciya ya kada shi daidai lokacin da sojoji sunka karɓi mulki, iyakoki a ruhe, magani sai an sha yawo farmasi-farmasi a Yamai. Yayata, bari in ce mata Yaya Hajo ko da yake ba sunanta ba ne, ma'aikaciyar jinya ce a Yamai, ita ta tsaya kai da hwata sai an kai shi Indiya an yi mishi aiki. Inna, mahaihiyarmu, ba ta so ba, ta ce a bar tsoho ya cika inda za a san kabarinsa. Yaya ta rinjaye ta, anka kai shanu kasuwar Baleyara anka saida, ni kuma anka ce in raka shi tunda ni ne babba cikin maza kuma na yi boko. Bokon nawa na Faransanci ne, can kuwa ko ruwan sha ba ya roƙa maka.

Da munka isa asibiti, lokotoro, wato likita, ya ce ba za a taɓa shi ba sai ruwan da ya taru a jikinsa ya sauka. Anka sa shi rejim, wato dokar abinci, ba gishiri ko ƙwaya, ruwan sha ma da awo. Abincin da ake kawo mishi wallahi ko akuya sai ta yi tunani, shinkahwa lami da wani ruwan wake. Mutumin da ya saba da tuwon hatsi da miyar kuka ta ji daddawa, sai ya yi loma biyu ya ture. Ni ko da rana sai in hita neman abin da zan ci, har na gano wani restoran na musulmi bayan asibitin. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Ubana na kwance, ni ina more rayuwa. Na ci biryani, shinkahwa ce da naman rago da kayan ƙamshi da ban san sunan rabinsu ba, na ci gurasarsu mai zahi da miyar kaza mai man shanu. Amma abin da ya gama da ni shi ne wanda suke cewa na Caina ne irin nasu, taliya da ake soyawa a kasko mai zurhi, da kaza da tonka ɗanya, wato barkono, da tahwarnuwa cikin wani baƙin romo, ga yaji ga ɗan tsami ga ɗan zaƙi. Kullum tun hantsi hankalina na can.

Rannan ina gyara mishi matashi sai ya kama hannuna ya sansana. Ya dube ni, ya tambaye ni ko tunda anka haihe ni ya taɓa cin abinci bai rage mini ba. Ƴan yankinmu na Kurhwai sun san abin da nake nuhi, a gidanmu Baba bai taɓa siɗe kwano ba, komi yunwa, ko shekarar da hatsi bai yi ba, sai ya bar saura ya turo ma yara. Ya ce yau ga shi ɗansa na ci a ɓoye yana zuwa mishi da ƙamshi. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Kashegari na je na yi ta nuni da hannu har mai restoran ya gane ba na son gishiri, na tsaya a kansa, ban ga ya barbaɗa komi ba, ya zuba mini taliyar nan mai baƙin romo a roba, na ɓoye robar cikin sallaya na shigo da ita. Baba ya ci har yana zuhwa, ya yi dariya karon hwarko tun da munka bar gida, ya ce ashe arnan ga sun iya miya, na ce mishi musulmi ne, ya ce to shi ya sa. Da ya kusa gamawa ya turo mini robar da saura a ciki, kamar ina ɗan shekara bakwai. Ya ce kada in hwaɗa ma Hajo, na san bakinta.

Haka munka yi kusan sati biyu. A tunanina ci shi ne lahiya, haka munka taso muna ji, mara lahiya in ya nemi abu ba a hana shi. Sai ƙahwahunsa sunka ƙara kumbura, anka ɗaga ranar aiki. Wata nas ta tsinci robar a kwandon shara, anka kira tahinta, lokotoro ya wanke ni tas. A nan na ji cewa baƙin romon nan shi kansa gishiri ne tsagwaronsa, ko ba a ƙara komi ba. Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce rashin sani ne. Na daina kwana huɗu. Baba ya juya huska bango, ba ya ci, ba ya yi mini magana, in na gaishe shi sai ya ɗaga yatsa. Rana ta biyar ya ce shi dai ya san ba zai koma Tabla ba, in bar shi ya tahi da ɗanɗano a bakinsa. Na kawo mishi, jama'a. Ina sane na kawo, har sau ukku. Bayan kwana shidda numhwashi ya gagare shi, ya cika da la'asar ba a kai ga aikin ba. Musulmin unguwar sunka taimaka munka binne shi can. Na tambayi lokotoro ko abincin ne, ya ce zuciyar dama ta gaji, ba zai iya cewa e ko a'a ba. Wannan amsa ita ke cina har yau.

Da na dawo kowa sai sa mini albarka, wai na yi jinyar uba a ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Laihin duka anka jibga ma Yaya Hajo. Ƙanen Baba ya ce ta kai ɗan'uwansa an kashe, ta hana shi kabari cikin danginsa. Ranar sadakar arba'in Yaya ta durƙusa gaban Inna, Inna ta kau da kai gaban mata, har yanzu ba ta ɗaukar wayarta. Yaya ta rame, ta ce ita ta kashe Baba da taurin kanta. Sau biyu tana buɗe dosiyensa na asibiti tana tambayata ko ya bi rejim, don ta kasa gane abin da ya sa ruwan ya ƙi sauka, sau biyu ina ce mata ya bi. Ga wani abin kunyar da ko matata ban hwaɗa ma ba, har yanzu ina kwaɗayin abincin nan. Na je Yamai karɓar wata takarda, na nemi restoran ɗin Indiyawa, na ci ina hawaye, kuma na cinye, ko saura ban bari ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, satin da ya wuce na je Tabla gaida Inna. Ta ce wayar ƙarshe da sunka yi da Baba ya hwaɗa mata ina ciyar da shi wani abinci mai daɗin da bai taɓa ci ba, ita ta ɗauka na asibiti ne. Ta ce tunda ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba, in samo mata abincin nan ranar sadakar shekara, ko loma guda ta ɗanɗana abin da mijinta ya ci na ƙarshe. Yaya Hajo za ta zo ranar, kuma da ta ga baƙin romon nan za ta gane komi.

In na yi shiru, ƴar'uwata ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba nata ba. In na yi magana, Inna da ta rasa miji, ta juya ma ɗiya baya, za ta ji cewa ɗan da take sa ma albarka kullum shi ya yi ta shigo da robar. Tana da tansiyo, wato hawan jini, ina tsoron in kashe na biyu. Sadakar saura wata guda. Don girman Allah, da wa zan hwara, Yaya ko Inna? Kuma mi zan sa mata a kwano?