Shafi Takwas na Aikatau, Babu Layi Ɗaya na Gaisuwa

Zuwa ga ɗana Habibu, malamin Ingilishi a Ilori.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ƙanwarka Rakiya lafiya, ni ma da sauƙi in ban da gwiwa. Babanka ne ba lafiya. Yanar idon nan ta rufe ɗayan ma, har mun kai shi Jugu wurin mai magani, babu canji.

Ambulan ɗinka ya iso nan Faraku ranar Talata. Da na ji kaurinsa na yi hamdala. Shekara biyu ina zuwa ajin manya, jikokin mutane suna leƙe suna dariya, don in karanta hannunka da idona. Na buɗe, na gane rubutunka, amma ko kalma ɗaya ban gane ba.

Sai da Rakiya ta dawo daga lakkwal, makarantarsu ta boko, ta gaya mini darasi ne ka aiko mata don jarrabawa. Wai aikatau na Ingilishi, kalmomin da ke nuna aiki, ka kasa su gida-gida: masu bin ƙa'ida, masu canja kama yadda suka ga dama, da masu taimaka wa 'yan'uwansu. Shafi takwas, Habibu, har da jan layi da rula. Na sa ta duba gaba da baya. Babu sunana, babu na ubanka.

Babanka yana zaune a kan buzunsa ya ji ƙarar takarda. Ya tambaya me yaron ya ce. Na riƙe aikatau ɗinka a hannu na karanta masa ƙarya. Na ce kana gaishe shi, kana tambayar idonsa, ka tuna ranar da ya goya ka a keke daga kasuwar Arzeke ruwa ya kama ku. Ya yi murmushi, ya sa takardun ƙarƙashin buzu.

Yanzu kullum bayan la'asar sai ya ce in sake karantawa. Ni kuwa ba na riƙe abin da na ƙirƙira. Jiya na ce kasuwar Jugu. Sai ya ce, "Ranar nan Arzeke kika karanta."

Ka mayar da ni maƙaryaciya a gaban mutumin da ban taɓa yi wa ƙarya ba shekara talatin. Ban koyi karatu don haka ba.

Rakiya ta gode, ta ce ta fara bambanta aikatau ɗin. Madalla. Ni ga nawa: ka rubuto wa babanka da Hausa, manyan baƙaƙe, ko rabin shafi ne. Ya iso kafin Babbar Salla. In bai iso ba, ranar Salla zan ciro takardun daga ƙarƙashin buzu in ba Rakiya ta karanta masa ainihin abin da ka aiko.

Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya shirye ka.

Mahaifiyarka, da hannunta,
Zuwaira