Hannun da Kawu Ya Yafe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Da hannun hagu nake rubuto miki, sai ki yi haƙuri da karkacewar rubutun.

Bayan rasuwarki abin ya faru. Ranar kasuwar Gidan Amumune, ina komawa Mayahi bisa moto, babur ɗin nan nawa, da la'asar, samari biyu suka tare ni inda yashi ya yi yawa. Na sakar musu moton ba gardama. Duk da haka ɗayan ya ɗaga adda, na kare kaina da hannun dama. Tun ranar yatsuna uku ba su ƙara lanƙwasawa ba. Likita ya ce jijiya ce ta tsinke, aikin sai Maraɗi, kuma in aka daɗe ba ta gyaruwa. Kin san albashinmu na malaman lakkwal, makarantar boko.

Jandarma sun kama wanda ya sare ni. Ashe ɗan maƙwabcin gonar yayanki ne, Kawu Sale.

Ina kwance asibiti, iyayen yaron suka ɗebi dattawa suka tafi zauren Kawu da goro da rago. Kawu ya ce gidanmu ba a cin kuɗin jini, mun yafe duniya da lahira. Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka yanka rago. Har romo aka kawo mini, Inna. Na sha, na gode, ban san hannuna nake sha ba.

Da na miƙe, na je gidan shari'a. Suka ce hukuncin yaron na gwamnati ne, ba mai janye shi. Amma diyyar rauni, sai wanda aka sara ya tashi gaban alƙali ya nema da bakinsa.

Kawu na jin haka ya zo har gida, ko zama bai yi ba. "In ka buɗe baki a wurin nan, ka maida ni maƙaryaci gaban mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci." 'Yan'uwana mata suka ce in bar wa Allah. Cikinsu ba mai riƙe alli.

Da za ki ga ajina, Inna. 'Yan ƙanana ne, yanzu suke koyon riƙe alƙalami. Ba su taɓa yi mini dariya ba. Abin da na zana a allo shi suke kwafa, da dukan zuciyarsu, sai ga rubutun aji guda ya karkace kamar nawa. Kuma ni ne kullum nake ce musu in an zalunce su su faɗa, kar su yi shiru.

Na tuna shekarar da shanu suka cinye miki wake, aka zo ba ki haƙuri, Kawu ya riga ki amsawa. Kina tankaɗe, ko kai ba ki ɗaga ba kika ce, "Yaya, bari in huce tukun. Ni aka yi wa ɓarna." Daga baya kin yafe, amma da bakinki.

Ke kaɗai ke iya gaya masa haka ya haɗiye. Ni ya aiko mini cewa in na yi magana, kar in ƙara taka zaurensa, zauren da ya riƙe ni tun rasuwar Baba.

Ranar zaman shari'a ta matso. Zan tashi, Innata. Ki yafe mini kunyar da zan ba yayanki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyar Kawu. Ni kuma ya hana muryata rawa in alƙali ya kira sunana.

Ɗanki mai kewarki,
Laminu