Sunan Garke Biyu a Aikin Ummussalma

Zuwa ga ƙanena Musbahu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka a Fatakwal. Mu nan Kangire lafiya lau, an gama yankan gero, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a yaƙi da jahilci na koya, da furfurata.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yarka Ummussalma ta wajena. Kwana huɗu ke nan ba ta cin abincin kirki. Aikinta na gama makaranta ne ya tsaya, wanda take haɗawa a kwamfuta don lissafa shanun mutanen garin Sara da allurar da aka yi musu. Ranar Litinin za ta tsaya gaban malamai ta nuna shi, in bai tashi ba sai ta maimaita shekara.

Na zauna kusa da ita na ce ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce a cikin aikin akwai wani abu kamar gida, suna ce masa aji, ta sa masa suna Garke. A cikinsa kuma ta sa wa wurin ajiye yawan shanu suna Garke. To, injin da ke karanta rubutun ya ƙi, ya fito da jan rubutu, wai ba a raɗa wa na ciki sunan ajin da yake ciki. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, da aka sa wa ɗana Yunusa sunan kakansa ba Abba muke ce masa ba? Ta ɗan yi murmushi, ta ce haka ta yi, ta canza wa na cikin suna zuwa Adadi. Amma da ta sake gwadawa, jan rubutu ya fito wuri goma sha ɗaya, wai wasu sassan har yanzu tsohon sunan suke kira. Ta gyara bakwai, sauran sun ɓace mata. Sai kuka.

Na ce ta kira ka tunda kai ka san kwamfuta, ta ce kunya take ji, kada kawu ya ga ba ta iya ba. Ni kuwa na san mai tambaya ba ya ɓata. Na kwafe jan rubutun harafi harafi a bayan takardar nan, in na yi kuskure ka gane da kanka.

Ka gai da Zulaiha da Khuzaima da ƙaramin Ahmad. Inna tana gaishe ku.

Don Allah ka kira ta kafin Juma'a, ka yi kamar gaisuwa ce kawai ta sa ka kira. Kada ka ce na rubuto.

Yayarka,
Turai