Yaya Sagir, a Kan Wane Tushe Za Mu Ɗora Manhajarka?

Zuwa ga yayana Sagir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ce ƙanwarka Rahama nake rubuto maka daga Kibiya. Na san ba za ka karanta ba. Abokanka na zauren manhaja na intanet ne za su karanta, don a can zan saka wasiƙar. Sau uku suna neman ra'ayina ina kasa cewa uffan. Da kai kaɗai na iya magana.

Tsofaffin kwamfutocin nan goma sha biyu da ka tayar a makarantarmu suna nan. Tun rasuwarka Malama Asabe ta damƙa min makullin ɗakin, wai ni ce na fi zama kusa da kai. Babbar manhajar da ka haɗa musu tana nan tana yi mana sannu da zuwa da Hausa duk aka kunna.

Ka tuna ranar da na tambaye ka ko kai kaɗai ka gina ta? A gonar Baba muke a Nariya. Ka ce wasu ne a duniya suka yi tushe suka bar shi kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara, kai kuma ka ɗora namu a kai. Ka nuna min mangwaron da aka yi wa aure ka ce, "Reshe namu ne, saiwa ta wasu ce. In saiwa ta ƙi ƙasar nan, reshe ba shi da ta cewa."

To, Yaya, masu tushen sun sanar cewa sun daina kula da tsofaffin injuna irin namu. Abokanka sun rabu biyu. Injiniya Kabiru na Kano yana son a bi sabuwar fitowar tushen da ka yi amfani da shi, mai sabuntawa duk wata shida, mai kyan gani. Malam Nura na Zariya yana son a koma wani tushen mai nawa, wanda ba ya sauya komai sai an daɗe ana gwada shi. Dukansu sun fi ni ilimi nesa ba kusa ba. Amma a cikinsu babu wanda ya taɓa jin kukan fankar injunan nan idan janareta ya yi ƙasa.

Akwai abin da na ɓoye, kuma shi ne yake cin raina.

Ranar Laraba kwamfuta ta bakwai, ta bakin taga inda kake zama, ta tambaye ni ko a sabunta ta. Ka sha gaya min kada in amsa irin wannan tambayar sai kana nan. Na ce a raina bari in gwada, in kai wa zaure amsa kamar wadda ta san abin da take yi. Na danna. Ta yi ta aiki har aka tashi. Da na sake kunna ta, fuskarta baƙi ƙirin. Na lulluɓe ta da zanenta na fita. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan Sallah 'yan ajin ƙarshe za su zauna jarrabawar shiga jami'a, kuma da kwamfuta ake yin ta yanzu. Ka tuna Zainabu ta Kahu, wadda ta ɗaga linzamin kwamfuta sama tana juya shi a iska, muka yi ta dariya, ka harare mu? Yanzu ta fi kowa saurin rubutu. Ba ta da wani wurin koyo sai ɗakin nan. Idan muka zaɓi tushen da zai yi wa sauran abin da ya yi wa ta bakwai, da wane ido zan kalle ta?

Ranar Asabar Inna ta bar ni na hau acaɓa zuwa Rano. Daga hantsi har la'asar ina shagon intanet ina sauko da tushen Malam Nura a filas, yana katsewa ina sakewa. Jiya Malama ta ba ni izinin shiga ɗakin duk da ba lokacin karatu ba ne, ta ɗauka shara zan yi. Na zuba tushen a kwamfuta ta bakwai ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ta tashi, Yaya. Fankarta ma ta yi shiru. Amma babu kai a cikinta. Turanci ne zalla, launin toka, babu sannu da zuwa. Na kifa kaina a tebur na yi kuka.

Duk da haka ga ra'ayina, Injiniya Kabiru ya yi haƙuri: mu ɗora a kan tushe mai nawa. Shi ne saiwar da ƙasarmu ta karɓa. Na san abin da hakan yake nufi. Sai an goge aikinka daga sauran goma sha ɗaya, a sake shigar da kalmominka ɗaya bayan ɗaya. Na fara kwafe su da biro a littafin darasi, don ban yarda da filas ba. Ina tsoron in yi kuskure. Na fi tsoron ranar da zan kunna su in ji kamar ba ka taɓa shiga ɗakin ba.

Gobe zan gaya wa Malama Asabe gaskiya. Sannan mu bi su ɗaya ɗaya. Ta goma sha biyu kam ba zan taɓa ta ba, sai sauran sun koyi gaisuwa daga bakinta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk harafin da yarinya ta buga a ɗakin nan ya iske ka a mizani. Ni kuma Ya daidaita min hannu.

Ƙanwarka mai riƙe da makulli,
Rahama