Hoton Yayana Da Kuke Sakawa Kafin Labarai

Zuwa ga Shugaban Sashen Labarai na gidan talabijin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, idan ka ji harshena da zafi ka yi haƙuri, a tsorace nake rubutun nan.

Na ɗaya. Ranar zaɓen shugaban ƙasa ma'aikatanku sun zo rumfarmu ta zaɓe a unguwar Limancin Kona, cikin birnin Zariya, da kyamara. Suka tare yayana, Malam Ashiru mai ɗinkin hannu, yana fitowa daga layi, suka nemi jin ra'ayinsa. Ya ce ya kalli muhawarar 'yan takara a talabijin, ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, kuma yana roƙon soja su miƙa wa wanda ya ci, su koma bariki. Iyakar maganarsa ke nan. Amma kafin ya fara, ya yi abin da duk ɗan cikin ganuwa yake yi: ya faɗi sunansa, da na mahaifinmu, da gidanmu, da unguwarmu. A wurinmu rashin tarbiyya ne mutum ya yi magana gaban jama'a bai faɗi ɗan gidan wa ne ba. Ma'aikacinku ya san halin ƙasar nan fiye da mai allura da zare, amma bai hana shi ba, bai kuma yanke wurin ba.

Na biyu. Da aka soke zaɓen, sai kuka tono kaset ɗin. Kuka yanke gaisuwarsa da addu'ar zaman lafiya da ya rufe da ita, kuka bar sunan gida da maganar bariki, kuka liƙa da hoton wasu samari suna ƙona tayoyi a wani garin da yayana bai taɓa takawa ba. Mai karanta labarai ya kira su masu son wargaza ƙasa. A lungunmu Alhaji Tanimu ne mai talabijin, kullum bayan magariba yake fito da ita ƙofar gida. Unguwa kaf ta gani. Haba, ranka ya daɗe! Ba ku ne kuka yi ta shela wata da watanni cewa zaɓe 'yancin ɗan ƙasa ne, kowa ya fito ba?

Na uku, wanda ya fi kowanne. Washegari da hantsi wasu mutane cikin farin kaya suka zo a fijo marar lamba. Ba su tambayi kowa hanya ba. Suka yi sallama a zaure kamar masu kawo ɗinki, suka kira sunansa da na mahaifinmu, daidai yadda ya faɗa muku. Ya fita ya bar allura soke a wuyan riga. Mun je ofishin 'yan sanda, mun je bariki, ko'ina aka ce ba su da mai wannan suna. Mahaifinmu ya yi yaƙin basasa don ƙasar nan ta zauna ɗaya, ya dawo da kunne guda. Yau ɗansa ake kira mai wargaza ta, shi kuma yana zaune yana juya kunnen da ke ji wajen ƙofa. Alhaji ya daina fito da talabijin. Da zarar mota ta shigo lungu, sai hira ta mutu.

Jiya ma kun sake sakawa, wani maƙwabci ya gani a shagon aski. Ku duba da kyau, bayan kafaɗar Malam Ashiru akwai wani yana dariya, ya ɗaga yatsa mai tawada. Ni ne.

Roƙona shi ne ku daina saka hoton nan daga yau. Ku nuna kaset ɗin cikakke sau ɗaya, a ji abin da ya faɗa daga farko har ƙarshe. Sannan kai da kake gaisawa da manya, ka tambayar mana inda yake. Ko da rai ko ba rai, mahaifiyarmu tana son ta sani.

Allah ya tsare ka da zuri'arka, kada ya nuna maka ranar da za ka bi ofisoshi kana neman ɗanka.

An ba ni shawara kada in sa suna. Me zan ɓoye, bayan fuskata da gidanmu suna hannunku? Idan fijon ta dawo, aƙalla a san na yi magana kafin ta zo.

Wassalam.

Lawal ƙanen Ashiru,
Limancin Kona, Zariya.