Bijimin Kebbe

Kebbe, 1956

Zuwa ga Yaya Madina,

Gaisuwa mai yawa da so da aminci. A gaida Baba da Inna.

Bayan haka, makarantar dabbobi ta turo mu Kebbe allurar bushiya, annobar shanu. Yaya, tsoro nika ji. Jiya wani jan bijimi ya ɗaga wani da ƙaho ya buga da gungume, haƙoransa a ƙasa. Jibi ni za a ba igiyar kada shi. Ke kika kada bijimin Baba ke kaɗai, ni ina bayan darni. Don Allah rubuto mini inda ake ɗaura igiyar. Na ji kunyar tambayar maza.

Ƙanenki, Almu


Tambuwal

Almu,

Na gaishe ka.

Yau ka san ni? Ranar da Bature ya zo zaɓen ɗalibai na ce makarantar dabbobi nika so, ya yi dariya ya ce na mata ɗinki ne da girki da unguwarzoma. Baba ya ja ni gida, ya dake ni da dangwalin maruƙa har kunnena ya yi jini, wai na kunyata shi. Har yau kunnen ba ya ji. Kana tsaye kana kallo, suka rubuta sunanka.

Ilimin shanu na maza ne, ka tambayi mazan. Ni yara na jira na in koya musu kalmasar bakin zane.

Allah shi tsare. Madina


Kebbe

Malama Madina,

Bayan gaisuwa, ni ne Na'Allah, shugaban masu allura. Almu ya ɗaure bijimin a wuya, ya tsaya gabansa. Ƙahon ya shiga cibiyar Almu ya tsaga har haƙarƙari. Mun mai da hanjin, mun rufe da ƙwarya. Likita na nesa. Sunanki yake kira. Ki hawo doki.

Wassalam.


Kebbe

Baba,

Ina gaisuwa.

Na iske Almu da rai. Na ɗinke cikin da zaren da ke jakata, yana ihu, yana riƙe da zanena. Ya cika da hantsi. Zuciyata ta ƙone, Baba.

Bayan jana'iza na ɗauki igiyarsa na shiga garken. Ɗauri a ƙaho, ɗauri a ƙirji, ɗauri a kwiɓi, na ja ta baya. Bijimin ya faɗi gaban mazan duka, na sa aka yanka.

Likkafanin ni na ɗinka. Ya yi kyau, ɗinkin da aka ce shi ne na mata sun koya mini sosai.

Ɗiyarka, Madina